Mi ya hana kotun Hague ta kama manyan ɓarayin dajin nan namu?

Ɗan_Bukkuyum ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Don Allah masu ilimin shari'a da masu bin labarun duniya ku taimaka min da amsa, ba gardama nika nema ba, so nike in gane. Kullum a rediyo sai ka ji kotun duniya ta Hague ta hidda sammacin kama wane, ta ɗaure wane shekara kaza, har Putin da Netanyahu an ce tana nemansu. To mu nan hwa? Watan Janairun 2022 anka shiga ƙauyukkan Anka da Bukkuyum anka yi ta kisa, gwamnati ta ce mutum 58, waɗanda sunka yi jana'iza da hannunsu sunka ce an kai 200. Kahin nan an kwashe 'yan matan Jangebe 279 a 2021, shekarar dai anka shiga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri, wasu ɗiyan sai da sunka kusa shekara biyu cikin daji. Yanzu ƙauye bai noma sai ya biya haraji, bai girbi sai ya sake biya, kuma masu yin abin ga ba ɓoye suke ba, kowa ya san sunansu ya san dajin da suke, har TikTok suka hawa suna ƙirga kuɗɗi.

To shin duk wanga bai kai laihin da kotun ka dubawa ba? Ko sai gwamnati ta kai ƙara da kanta? Talaka irina na iya rubuta musu? Kuma in sun kama mutum kashe shi suke ko ɗauri kawai?

Barista_BK ya rubuta:

Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ya kawo mana ƙarshen abin nan. Manyan kotunan duniya biyu ne a birnin Hague na ƙasar Holan kuma mutane na yawan haɗa su. Akwai ICJ mai raba rigima tsakanin ƙasa da ƙasa, ita ta ba Kamaru Bakassi a 2002, kuma can Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila ƙara kan Gaza, ita ba ta ɗaure mutum. Wadda kake nufi ICC ce, kotun hukunta manyan laifuka ta duniya. A 1998 aka amince da yarjejeniyar kafa ta a birnin Rum, ta fara aiki 1 ga Yulin 2002, Najeriya ta shiga tun 2001, kai har ɗan Najeriya Chile Eboe-Osuji ya shugabance ta daga 2018 zuwa 2021. Saboda haka tana da hurumi a kanmu, abin da aka yi a ƙasar nan daga 2002 zuwa yau tana iya dubawa in ya faɗa cikin laifukan da aka ware mata.

Laifukan huɗu ne, kisan ƙare dangi, cin zarafin bil'adama, laifukan yaƙi, da afka wa wata ƙasa. Yawan gawa kaɗai ba ya shigar da magana ciki, na san da ciwo jin haka amma haka dokar take. Kafin a ce laifin yaƙi sai an nuna cewa yaƙi ake yi a idon doka, wato akwai ƙungiya mai tsari mai shugaba da ke ba da oda a bi, kuma faɗan ya yi tsanani ya daɗe. Kan Boko Haram ofishin mai gabatar da ƙara ya yarda da hakan tun 2013. Shi cin zarafin bil'adama ba sai da yaƙi ba, amma sai an nuna hari ne kan farar hula mai faɗi ko mai tsari, kuma bisa wata manufa ta gwamnati ko ta ƙungiya. Ni a nawa ganin wanda ya aza wa gari talatin haraji, duk garin da ya ƙi biya ya ƙone shi, ai manufa ke nan ba sai an rubuta a takarda ba. Amma lauyan da zai kare su cewa zai yi waɗannan daba-daba ne masu neman kuɗi, yau suna tare gobe suna kashe junansu, kotun Gusau ko ta Birnin Kebbi ta ishe su. Kuma dole mai ƙara ya haɗa harin ranar kaza a ƙauye kaza da mutum ɗaya mai suna, ya nuna shi ya tura yaran ko ya sani bai hana ba. Nan aikin yake, bidiyon TikTok na taimakawa amma ba ya isa.

Sai babbar matsalar. ICC ba ta shiga sai ƙasa ta kasa hukunta masu laifin ko ta ƙi. Gwamnati kuwa kullum tana da abin nunawa, za ta ce ga shari'ar da ake wa 'yan Boko Haram a barikin Kainji tun 2017, ga Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021, muna kai. Tun 2010 ofishin mai ƙara ke nazarin Najeriya, sai a Disamban 2020 Fatou Bensouda 'yar Gambiya, babbar mai gabatar da ƙara ta lokacin, ta fito ta ce akwai dalilin yarda cewa Boko Haram sun aikata laifukan yaƙi da cin zarafin bil'adama, kuma jami'an tsaron Najeriya su ma sun aikata. Abin da ya rage ta nemi izinin alƙalai a buɗe cikakken bincike, ta yi kukan ƙarancin kuɗi da ma'aikata ta bar wa magajinta Karim Khan, shekaru suka yi ta wucewa. Wannan fa na arewa maso gabas ne da aka yi shekara goma ana nazari, ka ga namu ko layi bai hau ba.

Rubutu kuwa kowa na iya yi, doka ta ba mai ƙara damar karɓar bayani daga mutum ko ƙungiya, yanzu ma ta intanet ake turawa, ba sai da lauya ba ba kuma a biyan ko kwabo. Hukuncin kisa babu, iyaka shekara 30 ko rai da rai in abin ya yi muni ƙwarai. Kuma ba ta da ɗan sanda ko ɗaya, alƙali ce marar dogari, in ta ba da sammaci sai ƙasar da mutum yake ta kama mata shi. Wato ko gobe ta sa sunan wani kachalla, sojojinmu da 'yan sandanmu dai za su shiga daji su fito da shi.

Ka duba Ali Kushayb, kwamandan mayaƙan Janjawid na Sudan, don labarinsa ya fi kama da namu, mahaya su zagaye gari da asuba su kashe maza su ƙone rumbuna su kora dabbobi. A 2003 da 2004 aka yi ɓarnar a Darfur, sammaci ya fita 2007, bai shiga hannu ba sai 2020 da ya miƙa kansa a Afirka ta Tsakiya, sai 2025 aka same shi da laifi.

Na_Kaura ya rubuta:

Barista ka yi bayani amma ka bar gaskiya guda, kotun nan ta 'yan Afirka ce kawai. Lissafa waɗanda ta ɗaure mana, Lubanga ɗan Kwango shekara 14, Katanga ɗan Kwango 12, Ntaganda 30, Ongwen ɗan Yuganda 25, al-Mahdi na Mali 9 wai don ya rusa hubbarorin Timbuktu. Ina wanda ya rusa Iraƙi? Amurka ba ta ciki, Rasha ba ta ciki, Sin ba ta ciki, kuma su ne dai a Kwamitin Sulhu masu ikon tura wata ƙasa gabanta ko su hau kujerar na ƙi. Da Bensouda ta ce za ta duba abin da sojan Amurka suka yi a Afganistan takunkumi suka ƙaƙaba mata a 2020 kamar wata mai safarar ƙwaya. Sammacin Netanyahu tun Nuwamban 2024 yake, mutumin ya je Hangari an shimfiɗa mai jan kafet. Putin ya je Mongoliya wadda mamba ce ya dawo lafiya lau. Mu kanmu fa? al-Bashir ya zo Abuja taron Tarayyar Afirka a 2013 da sammaci biyu a kansa, wa ya taɓa shi, jirginsa ya hau ya koma Khartum. Gbagbo tsohon shugaban Ivory Coast kuma sun tsare bawan Allah tun 2011 sai 2019 suka ce ba hujja. Ɗan_Bukkuyum kar ka ɓata datarka wallahi.

Tsohon_Soja_Zuru ya rubuta:

Na_Kaura ɗana, rabin maganarka gaskiya ce, amma bari in ba ku abin da idona ya gani. Ina cikin sojan ECOMOG, rundunar ƙasashen ECOWAS, a Saliyo lokacin da 'yan tawaye suka shigo Freetown a Janairun 1999. Akwai wata yarinya da aka kawo shingenmu, ba ta fi shekara takwas ba, an sare mata hannu daga wuyan hannu an ɗaure da tsumman zane, uwar na riƙe da ita ba ta kuka ba ta magana, ruwa kawai yarinyar ke nema kuma da muka miƙa mata kofi sai ta ɗago dungun. Yaran da ke wannan aiki wasu ba su kai tsawon bindigar da suke riƙe ba. A lokacin in ka ce min akwai ranar da wani babba zai tsaya gaban alƙali kan wannan dariya zan maka.

Abin da aka fara yi sulhu ne, irin wanda ake ta yi mana nan. A Lome cikin Yulin 1999 aka yafe wa kowa, aka ɗauki Foday Sankoh shugaban 'yan tawayen aka ba shi hukumar ma'adinai, da daraja daidai da mataimakin shugaban ƙasa, wato mutumin da ke yaƙi don lu'ulu'u aka damƙa wa lu'ulu'un. Shekara ba ta cika ba yaransa suka kama sojan Majalisar Ɗinkin Duniya ɗaruruwa. Daga baya ne gwamnatin Saliyo da kanta ta nemi a kafa kotu, aka yi ta a 2002, ba ICC ba ce, kotu ce ta musamman a nan Freetown, alƙalan gida da na waje a haɗe. Sankoh ya mutu a tsare a 2003 kafin a gama da shi.

Wanda nake so ku lura da shi Charles Taylor ne. Shugaban Laberiya ne fa, ba a ce ya riƙe adda a Saliyo ba, abin da aka kama shi da shi shi ne yana tura makamai da harsashi yana karɓar lu'ulu'u, kuma ya san abin da ake yi da su. A 2003 Obasanjo ya ba shi mafaka a Kalaba, ya zauna abinsa, a Maris 2006 da ya ji za a miƙa shi ya sulale, aka cafke shi a Gamborun Ngala zai tsallaka Kamaru a mota. Jami'an Najeriya suka kama shi ba wani bature ba. Aka kai shari'ar Hague don tsoron tashin hankali, a 2012 aka same shi da laifi 11 aka ba shi shekara 50, yanzu haka yana kurkuku a Ingila. To ku tambayi kanku, yaron da ke kiwo jiya wa ya ba shi bindigar da ta fi garken ubansa tsada, wa ke kai mai da ƙwaya, zinarin da ake haƙa wa ke saye? Irin wannan kotu in ta yi aikinta waɗannan take bi.

Amma ku sani ba ta da gwani. Akwai mafarauta 'yan sa-kai da ake kira Kamajo, tare muka yi yaƙi da su, su suka taimaka aka dawo da zaɓaɓɓiyar gwamnati. Shugabansu Hinga Norman yana minista aka zo aka kama shi, don su ma sun kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba da sunan masu haɗa baki ne. Ya mutu a 2007 kafin hukunci, abokan shari'arsa biyu an ɗaure su. Mutanen Saliyo da yawa ba su ji daɗin wannan ba har yau. Saboda haka mai kiran Hague ya shirya, za a tambayi ɗan sa-kan da ya yanka Bafulatani a kasuwa don kawai Bafulatani ne, za a tambayi wanda ya ba da odar jirgin da ya saki bam kan mutanen gari. Shi ya sa ban ga gwamnatin da za ta gayyato su da bakinta ba.

Barista_BK ya rubuta:

Baba Allah ya ƙara girma, ka faɗi abin da na kasa faɗa. Na_Kaura ban musa maka son kai na manyan ƙasashe ba, amma Yuganda da Kwango da Afirka ta Tsakiya da Mali gwamnatocinsu ne suka kai kansu, galibi don a kama musu 'yan tawaye. Kuma kotun musamman da aka kafa kan yaƙin Yugoslabiya Turawa ta yi wa shari'a, mutum 161 ta tuhuma daga 1993 zuwa 2017, Mladic kwamandan sojan Sabiyawan Bosniya da ya sa aka kashe Musulmin Srebrenica wajen 8,000 ya yi shekara 16 yana ɓuya aka kama shi a 2011, rai da rai yake yi. Duterte tsohon shugaban Filifin ma a Maris 2025 'yan sandan ƙasarsa suka sa shi jirgi zuwa Hague. In ka lura duk sai da mulki ya juya a gida tukuna.

Maman_Ilham ta rubuta:

Salam. Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Ni abin da ke damuna ko da kotun ta zo gobe me za mu ba ta? Ina taimakawa wajen rabon abinci ga matan da suka gudo Gusau, in ka zauna da mace za ta ba ka labari tiryan-tiryan, amma ka ce wace rana ce sai ta ce ana saura kwana kaɗan azumi, wace shekara, shekarar da aka rufe netwok, su wa aka kashe, ta ƙirga shida ta ce sauran sai an tambayi mai gari, mai garin kuma ya rasu bara. Wata tsohuwa na gani da ledar burodi ƙulle a bakin zaninta, ciki katin zaɓen ɗanta ne da wata 'yar takarda da malamin makarantar allo ya rubuta mata da ajami, sunayen mutum goma sha ɗaya da aka binne rana ɗaya da sunan wanda ya yi musu salla. Wallahi ita kaɗai na gani da abu a rubuce.

Ku duba Chadi nan kusa da mu. Hissène Habré ya yi mulki 1982 zuwa 1990 ya gudu Senegal ya zauna lafiya shekara da shekaru. Wani ma'aikaci Souleymane Guengueng da ya fito daga kurkukunsa da kyar ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana rubuta abin da aka yi musu, ɗaruruwa, ya ɓoye takardun. A 2001 kuma aka tarar da fayilolin 'yan sandan sirrin Habré zube a tsohon ofishinsu a Njamena, har da sunayen mutum 1,208 da suka mutu a hannunsu. Da waɗannan aka yi ta bin sa har aka kafa kotu ta musamman a Dakar da goyon bayan Tarayyar Afirka, alƙalan duk 'yan Afirka, matan da aka yi wa fyaɗe suka tsaya gabansa suka faɗa da bakinsu, a Mayun 2016 aka yanke mai rai da rai, yana cikin wa'adin ya mutu a 2021. Diyya kam an yanke sefa biliyan 82 amma mutanen sun yi ta jira wasu har suka mutu ba su ga ko sisi ba, wannan kar a yaudari kowa.

Ɗan_Bukkuyum ya rubuta:

Na gode ƙwarai Baba, Barista, Anti. Jikina ya yi sanyi da maganar 'yan sa-kai don akwai 'yan uwana ciki, amma na ji. Barista in mutum zai rubuta irin wanga abu mi da mi ya kamata ya sa? Kuma ba haɗari? Don garinmu ba ka san wa ka kai rahoto daji ba.

Barista_BK ya rubuta:

Akwai haɗari sosai, kar ka kuskura ka sa a Facebook ko ka yi ta yawo da littafi a kasuwa kana tambaya. Rana da wata da shekara, ko na Musulunci ne ya yi, sunan ƙauye da gunduma, cikakken sunan mamaci da na mahaifinsa da kimanin shekarunsa, wa ya gani da idonsa wa kuma ji ya yi, ka raba su kar ka cakuɗa. In an ambaci sunan wanda ya jagoranci harin ka rubuta yadda aka san shi ne, ganinsa aka yi ko shi ya bugo waya. Lambar da aka kira neman fansa, nawa aka biya, wa ya kai, a ina. Hoto da bidiyo ka bar na asali a wayar da ta ɗauka ko a memori, wanda ya bi ta WhatsApp yana zubar da bayanan rana da wuri. Wanda 'yan sa-kai ko jami'ai suka kashe shi ma ka sa, in ka tsallake shi lauyan wancan ɓangare da shi zai rusa sauran. Sunan mace da aka yi wa fyaɗe kar ka rubuta sai da yardarta. Kwafi biyu, ɗaya a bar shi wajen wani amintacce a wani gari.

Kuma ba Hague kaɗai ba ce, kotun ECOWAS na nan Abuja, mutum na iya kai gwamnati ƙara kan ta kasa kare ransa ba sai ya gama da kotunan gida ba, sai dai ita diyya take yankewa ba ta ɗaure kowa.

Na_Kaura ya rubuta:

Kotun ECOWAS ɗin da take yanke hukunci gwamnati ta ƙi biya? To Allah ya ba da sa'a. Barista turo min yadda ake tsara littafin ta inbok, akwai wani malami a wajenmu da ke da sunayen waɗanda ya yi wa salla tun 2018, zan kai mai.